Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Na'urorin Taimakon Direba da Tuƙin da Ake Mantawa

Zuwa ga shugabannin hukumomin ba da lasisin tuƙi da na kiyaye haɗurra, da kamfanonin ƙera motoci, da masu makarantun koyon tuƙi.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu malaman koyar da tuƙi ne, tare da kanikawa masu aikin birki da lantarkin mota. Muna magana ne a madadin direbobin da muke koyarwa da waɗanda muke gyara wa motoci, da kuma masu tafiya a ƙafa da masu babur da keke, waɗanda rayuwarsu kan rataya a kan abin da direba zai yi cikin sakan biyu ko uku.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gibin da muke gani yana ƙara faɗi. Tun watan Yulin 2024, duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta zo da birkin gaggawa mai kama kansa, da na'urar da ke mayar da mota layinta, da mai gargaɗi kan wuce ƙa'idar gudu, da mai lura da gyangyaɗin direba. Amurka ma ta kafa doka a Afrilun 2024 cewa zuwa Satumban 2029 kowace sabuwar ƙaramar mota sai ta zo da irin wannan birki. Waɗannan motoci ba a inda aka ƙera su kaɗai suke tsayawa ba, hannu zuwa hannu suke bi har su karaɗe duniya. Amma jarrabawar lasisi, da darussan makarantun tuƙi, da yadda dillali ke miƙa wa mai saye makulli, a mafi yawan wurare suna nan yadda suke tun lokacin da mota ba ta da ido ba ta da kunne.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a shekarar 2021, kuma duk abin da zai rage wannan adadi muna maraba da shi. ABS, wanda ke hana taya ƙamewa lokacin birki, yana cikin motocin kasuwa tun shekarun 1970. ESC, mai kama mota idan ta fara zamewa a kwana, ya biyo baya a 1995, kuma binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ya nuna yana rage haɗarin kisa na mota ɗaya tilo da kusan rabi. Cibiyar ta kuma gano cewa birkin gaggawa haɗe da gargaɗin karo yana rage dukan mota ta baya da kashi 50 cikin 100. Mai hankali ba zai ce a cire waɗannan ba.

Sai dai na'urorin nan iri biyu ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ne tushen ruɗanin. Akwai masu kwanciya shiru sai ranar tsautsayi: ABS, ESC, birkin gaggawa. Direba na tuƙinsa da kansa, su kuwa suna jiran lokacin da zai kasa. Akwai kuma masu karɓe aikin yau da kullum daga hannunsa da ƙafarsa da idonsa: mai riƙe gudu da tazara tsakaninka da motar gaba, mai riƙe mota a tsakiyar layi, mai yin fakin, kyamarar ribas, fitilar gargaɗi a madubi mai nuna akwai mota a gefenka, taswirar da ke cewa bi dama bi hagu. Kukanmu a kan na biyun ya fi yawa, domin aikin da mutum ya daina yi, sannu a hankali yakan manta shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ƙorafinmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne abin da ke faruwa da hankalin direba. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa sarrafa kai na mota mataki shida, daga sifili zuwa biyar. Kusan duk abin da ake sayarwa yau da sunan mota mai taya tuƙi a mataki na biyu yake. Ma'anarsa, mota na riƙe sitiyari da totur da birki, amma alhakin kallon hanya ɗungurungum yana wuyan direba, kuma na'urar na iya sakin aiki a kowane lokaci ba tare da dogon gargaɗi ba. Wato an karɓe wa mutum aikin da ke sa shi a farke, an bar masa aikin gadi. Ɗan Adam kuwa bai iya gadin abin da ba ya kuskure sai jefi-jefi. Wata masaniyar halayyar ma'aikata, Lisanne Bainbridge, ta bayyana wannan tun 1983 game da masana'antu: idan inji ya ɗauke sauƙaƙan ayyuka, masu wuyar ne ke ragewa ga mutum, kuma a lokacin da za a neme shi, hannunsa ya riga ya yi sanyi saboda rashin aiki.

An gwada wannan a kan titi. A 2020 IIHS da masu bincike na jami'ar MIT sun ba wasu direbobi motoci masu irin wannan na'ura na tsawon wata guda. Da farko kowa na kaffa-kaffa. Kafin watan ya ƙare, waɗanda ke amfani da mai riƙe gudu da layi tare sun ninka yawan sakin sitiyari da hannu biyu fiye da sau 12 idan aka kwatanta da lokacin da suke tuƙi da kansu. Lura da kyau, na'urar ba ta lalace ba. Kyawun aikinta ne ya jawo sakacin. A haɗarin da ya faru a Williston ta jihar Florida a watan Mayun 2016, inda wata mota ƙirar Tesla ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka titi, hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa cikin minti 37 da na'urar ta yi tana aiki, sakan 25 kacal aka ji hannun direba a kan sitiyari. A Tempe ta jihar Arizona kuma, a Maris na 2018, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta hango wata mata mai tsallaka titi da keke sakan 5.6 kafin ta buge ta, amma ta kasa tantance ko mene ne, wadda aka ɗora don sa ido kuma idonta na kan waya. Wannan fa ma'aikaciya ce da aka ɗauka musamman don kallon hanya. To ina ga wanda ya sayi mota jiya, ba wanda ya yi masa bayanin komai?

Lissafin a fili yake, kuma muna so kowane mai tsara jarrabawa ya riƙe shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Direban da idonsa ke kan hanya yana buƙatar sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki, wato mita 28 zuwa 42 sun tafi. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, yana cin mita 40 zuwa 50, idan titi ya jiƙe kuma yana iya kai 70 ko fiye. Yanzu ƙara sakan uku na wanda zai ɗago kai daga waya, ya gane abin da ke gabansa, ya lalubo sitiyari, ya tuna inda ƙafarsa take: mita 84 ke nan a kan na farko. Ko a mataki na uku, inda doka ta yarda direba ya kau da ido, kamar tsarin Mercedes da Jamus ta amince da shi a Disambar 2021 a gudun da bai wuce kilomita 60 ba, an ware sakan 10 domin mutum ya karɓi tuƙi. Wanda ke mataki na biyu ba a yi masa alkawarin ko sakan ɗaya ba.

Na biyu, ba a koya wa direba inda idon na'urar yake makancewa. Ga shi kuwa wuraren sanannu ne, suna rubuce a littafin mota, a shafukan da ba mai buɗewa.

Radar da ke bayan bambar gaba ko bayan tambarin mota tana gane abin da ke tafiya sosai, domin tana auna bambancin gudu. Abin da ke tsaye cak shi ne matsalarta. Gada, allon hanya, ƙarfen gefen titi, duk tsaye suke, kuma da za ta taka birki saboda kowannensu da ba a tafiya. Saboda haka a babban gudu tsarin kan yi watsi da yawancin abubuwan da ba sa motsi. Ga inda ajali ke ɓuya: kana bin wata mota, sai ta kauce zuwa wani layi domin akwai babbar motar da ta mace a gaba. Na'urarka ta ga hanya ta buɗe, tana iya ma ƙara wuta don komawa gudun da ka saita. Haka a kwana mai kaifi, motar gaba kan fita daga ganin radar, taka motar ta zabura. Sannan birkin da mai riƙe tazara ke iya takawa an taƙaita shi, bai kai rabin ƙarfin birkin motar ba. Da yawan direbobi sun ɗauka idan sun kunna shi motar za ta tsaya komai ya faru. Kuma mafi ƙanƙantar tazarar da ake iya saitawa a yawancin motoci kusan sakan ɗaya ce, alhali mu sakan uku muke koyarwa, a ninka idan ana ruwa. Mutum ya yi shekara yana bin motoci a tazarar sakan ɗaya, idonsa zai saba, ya ɗauka daidai ke nan, ya kuma yi haka a motar da ba ta da radar.

Kyamarar da ke manne a gilashin gaba kusa da madubin ciki, ita ce ke karanta zanen layi da alluna da siffar mutane. Rana idan ta yi ƙasa da safe ko da yamma tana kashe mata ido, haka hazo da ƙura da ruwan sama mai ƙarfi da dattin gilashi. Inda zanen titi ya goge, ko inda aka yi gyara tsohon zane da sabo suka cakuɗe, tana iya sakin sitiyari ko ta ja motar zuwa layin da babu shi. A 2022 IIHS ta gano cewa birkin gaggawa mai gane masu tafiya a ƙafa ya rage buge su da kashi 27 cikin 100, amma a cikin duhu inda babu fitilun titi ba a ga wani bambanci ba. Dare kuwa shi ne lokacin da aka fi buge mutane har lahira.

Ƙananan sensoshin da ke zagaye da bamba, masu ƙara lokacin fakin, da sauti suke aiki, kuma ba sa ji sai 'yan mitoci kaɗan. Siririn ƙarfe, waya, sarƙa, gajeren dakali, rami, duk suna iya wuce su. Fitilar gargaɗi ta madubi kuma ta rage haɗarin canza layi da kashi 14 cikin 100, abin a yaba, amma takan makara wajen ganin babur ko motar da ta taho da gudu mai yawa. Wani bincike da gidauniyar AAA, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta yi a 2018 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na masu irin wannan na'ura ba su san iyakarta ba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sun ce hankalinsu kwance yake su dogara da ita ba tare da sun waiwaya ba. Wannan shi ne zaizayewar gwaninta ƙarara: waiwayen kafaɗa, abin da ake koya wa ɗalibi a makon farko, fitila mai girman ƙwayar wake ta kore shi.

Na uku, ido da hannu da ƙafa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ba ya sanin kimar sai an yi ta aiki da shi. Kyamarar ribas, wadda Amurka ta wajabta tun Mayun 2018, ta ceci yara da yawa da ke bayan mota inda madubi ba ya kaiwa. Amma gilashinta mai faɗin gani ne, yana nuna abu nesa alhali yana kusa, kuma ba ta nuna gefen mota ko kusurwar gaba, wadda ke lilo zuwa waje duk lokacin da aka murɗa sitiyari ana ribas. Direban da ya kafe ido a allo yakan ceci bayan motarsa ya goge hancinta, ko ya taka wanda ya ɓullo daga gefe. Daidai shi ne a zagaya mota kafin a shiga, a duba madubai uku, a waiwaya, allo ya zama na huɗu.

Tashi a kan hawa ma haka. Na'urar da ke riƙe birki na sakan biyu zuwa uku bayan an ɗage ƙafa ta sa da yawa ba su taɓa koyon haɗa hambirki da kuloci da totur ba, ba su san sautin injin lokacin da kuloci ya fara kamawa ba. A gangara mai tsawo kuwa, mutane sun manta da sauko da giya domin inji ya riƙe motar, sai su kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina ci. Ko mota mai canza giya da kanta tana da hanyar riƙe ƙaramar giya, amma ba kowa ya san inda take ba.

Akwai abin da ya fi ba mu tsoro: direbobi da yawa masu ABS ba su taɓa jin yana aiki ba. Ranar farko da feda ta fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsu, da ƙara kamar wani abu ya karye, ita ce ranar haɗari, sai su firgita su ɗage ƙafa. Abin da ake yi shi ne a danne da dukkan ƙarfi, a riƙe, a ci gaba da juya sitiyari zuwa inda ake son zuwa. A motar da ba ta da ABS kuma akasin haka ne, ana dannawa har gab da taya ta ƙame, idan ta ƙame a ɗan sassauta. A kan tsakuwa ko yashi ABS na iya tsawaita nisan tsayawa, ko da yake yana barin mutum ya iya juya mota. Wane ɗalibi ake nuna wa wannan bambanci? Haka birkin ajiye mota na lantarki, mai maɓalli: a yawancin motoci idan birkin ƙafa ya ƙi, jan maɓallin a riƙe shi yana tsayar da mota a hankali. Kaɗan ne suka sani.

Fitila ma ta shiga ciki. Fitilar rana mai kunna kanta a motoci da dama gaba kaɗai take haskawa, dashbod kuma na haske, sai direba ya ɗauka fitilunsa a kunne suke, ya shiga hazo ko magariba bayansa duhu ƙirin. Sensar da ke kunna manyan fitilu duhu take ji, ba ta san hazon rana ba.

Duk wannan ba zai yi muni haka ba da kowa mota ɗaya zai tuƙa har abada. Lasisi ɗaya ne ke ba mutum damar tuƙa sabuwar mota yau, gobe ya hau ta haya, ko ta wurin aiki, ko tsohuwar motar ɗan'uwa mai shekara 20. Ɗabi'ar da ya koya a ta farko da ita zai shiga ta biyu.

Na huɗu ya shafi gyara, kuma nan ne mu kanikawa muka fi damuwa. Kyamara da radar sai an saita su daidai da tsakiyar mota. Kuskuren digiri ɗaya tak yana zama kusan mita 1.75 a nisan mita 100, rabin faɗin layi ke nan. Motar na iya ganin wadda ke layin kusa a matsayin tana gabanta ta kama birki babu dalili, ko ta kasa ganin wadda ke gabanta da gaske. Ana buƙatar sake saiti bayan canza gilashin gaba, bayan cire bamba ko gyaran karo komai ƙanƙantarsa, bayan alaimen, da bayan duk aikin da ya sauya tsayin mota. Saitin yana son daɓe mai daidaito, da allunan auna nisa na ƙirar motar, da iskar taya daidai, da mota babu kaya, wasu ƙirar kuma sai an tuƙa su a titi mai zane sosai kafin kwamfutar ta amince. Abin takaici, ƙaramar karkata ba koyaushe take kunna fitilar gargaɗi ba. Kaurin fenti ko cikon da aka shafa a kusurwar bambar baya yana dushe radar da ke ƙarƙashinsa, haka sitika da ƙarfen kariya da ake ɗaurawa a gaba.

Sannan na'urorin nan a sarƙe suke. Birkin gaggawa da mai riƙe tazara da ESC dukkansu da famfon ABS da sensoshin gudun taya suke aiki. Sensa ɗaya ta cika da datti ko wayarta ta tsinke, fitilar ABS ta kama, to galibi sauran ma sun kwanta. Direba na ganin fitila ɗaya, bai san abu huɗu ya rasa ba. Batir mai rauni ko tayoyi masu girma daban-daban su ma suna ruɗa kwamfutar. Mafi muni shi ne masu rufe fitilar gargaɗi ko cire ta kafin sayar da mota, wanda cin amana ne da ke iya kai wa ga rai. A ƙarshe dai komai wayon mota, wuri huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kowanne kamar tafin hannu. Tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6 ba ta korar ruwa. Man birki yana shan danshi: samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai a digiri 230, wanda ya sha ruwa kuma yana iya sauka zuwa 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Direban da aka sabar wa jiran allo ya faɗa masa komai ya daina duba waɗannan.

Na biyar gajere ne: suna. AAA ta ƙirga a 2019 cewa birkin gaggawa kaɗai ana sayar da shi da sunaye 40 daban-daban. Wasu sunayen na'urorin mataki na biyu kuma suna sa mai saye ya ji kamar matuƙi ya saya. A Maris na 2024 IIHS ta auna tsare-tsare 14 kan yadda suke tabbatar da direba na kallon hanya, ɗaya ne kawai ya samu makin da za a iya karɓa, 11 suka faɗi. Da yawansu motsin sitiyari kawai suke ji, ba su san inda ido yake ba.

Masu jiragen sama sun riga mu shan wannan ɗaci. A ranar 1 ga Yunin 2009, jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗa Tekun Atlantika da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'urar tuƙi ta saki aiki, matuƙan kuma suka kasa gane halin da jirgin ke ciki cikin 'yan mintocin da suka rage. Rahoton masu bincike na Faransa ya ambaci ƙarancin horo kan tuƙi da hannu a can sama. A Janairun 2013 hukumar jiragen sama ta Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa ba matuƙa damar tuƙi da hannu don kada gwanintar ta dushe. Matuƙin jirgi ana sake gwada shi a kai a kai. Direban mota kuwa sau ɗaya ake gwada shi, ya yi shekara 40 yana tuƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ga hukumomin lasisi: a sake jarrabawa ta zama tana gwada abu biyu, tuƙi da na'ura da tuƙi babu ita. Ɗalibi ya yi ribas da fakin sau ɗaya allo a rufe. Ya yi birkin gaggawa na gaske a fili mai tsaro, daga kilomita 40 ko 50, har ya ji ABS na karkarwa, ya kuma kauce wa abin da aka ajiye yana kan birki. A rubutacciyar jarrabawa a sa tambayoyi kan abin da radar da kyamara ba sa gani, da ma'anar fitilun gargaɗi, da wanda alhaki ke kansa a mataki na biyu. Wannan ba sabon abu ba ne. Birtaniya ta sauya jarrabawarta a Disambar 2017, ta sa ɗalibi ya bi taswirar na'ura na minti 20, amma ta bar ɗaya cikin biyar na jarrabawowin a kan bin allunan hanya, domin kada kowa ya daina koyon karanta su. Muna kuma roƙon a haɗa sabunta lasisi da ɗan gajeren darasi na awa biyu ko uku, musamman ga direbobin haya da na manyan motoci.

Ga makarantun tuƙi, waɗanda mu ma cikinsu muke: kashi biyu cikin uku na farkon darussa a yi su na'urorin da ke karɓe aiki a kashe, masu ceton rai kuma a bar su a kunne. Sai ɗalibi ya iya saita madubi, ya saba duba shi duk sakan biyar zuwa takwas, ya iya hango hanya sakan 12 a gabansa, ya iya ƙirga tazarar sakan uku da alamar gefen titi, sannan a kunna masa sauran ɗaya bayan ɗaya, a kai shi inda kowace ke sakin aiki ya ji da hannunsa. Malaman su ma suna buƙatar horo, domin da yawa sun koyi sana'ar ne kafin zuwan waɗannan motoci.

Ga kamfanonin ƙera motoci: ku haɗu a kan suna ɗaya da alama ɗaya ga kowace na'ura, ku daina sunayen da ke alkawarin abin da motar ba ta yi. Duk motar da ke riƙe sitiyari da totur tare ta zo da kyamarar da ke lura da idon direba, ta kuma ƙi sake kunnuwa a tafiyar idan ya yi ta watsi da gargaɗi. Idan na'ura ta kwanta, allo ya faɗa da kalmomi abin da ya daina aiki da abin da ya tafi tare da shi. Ku taƙaita iyakokin kowace na'ura a shafi ɗaya cikin harsunan masu saye, a kuma ajiye shi a cikin allon motar, domin littafi yakan ɓace tun a hannun mai ita na farko. Ku buɗe wa ƙananan gareji bayanan saiti da kayan aikinsa, tunda can ne yawancin motoci ke zuwa bayan garanti ya ƙare. Dillali kuma kada ya miƙa makulli sai ya fita da mai saye na minti 30 ya nuna masa yadda ake kunnawa, da kashewa, da karɓe tuƙi.

Ga masu duba lafiyar motoci da hukumomin kiyaye haɗurra: a jona kwamfuta a karanta kurakuran da ke ajiye a mota a kowane dubawa, a tabbatar fitilun gargaɗi suna kamawa idan an murɗa makulli kuma suna mutuwa bayan inji ya tashi. A nemi shaidar saiti bayan canza gilashi ko gyaran karo. A takardar rahoton haɗari kuma a ƙara gurbi uku: wace na'ura ce a motar, tana kunne ko a kashe, kuma yaushe aka saita ta na ƙarshe. Muna roƙon a riƙa wallafa waɗannan alƙaluma duk shekara, domin mu san darasin da za mu ƙara wa ɗalibai da aikin da za mu gyara a gareji.

Muna godiya da lokacinku, kuma a shirye muke mu zauna da duk kwamitin da za a kafa kan sabunta jarrabawa da darussan tuƙi.

Naku cikin girmamawa,
Malaman koyar da tuƙi da kanikawan birki da lantarkin mota